Biliyan 942 a hannun Basakkwace: mi za ka fara yi da su?

Ladan Ƙofar Rini:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Zafin nan ya hana ni barci, wuta kuma tun shekaranjiya ba mu sa ta a ido ba, shi ne na fito tsakar gida ina ta latse-latsen waya har na faɗa kan wani tsohon labari. A watan Nuwamba na 2022 wani mutum a jihar Kalifoniya ta Amurka ya tsaya gidan mai ya sayi tikitin cacar Powerball, wanda ake sayarwa dala 2, ya wayi gari ya ci dala biliyan 2.04. Mutum guda, tikiti guda. Har mai gidan man sai da aka ba shi tukuicin dala miliyan 1. To da a ce kai ne, ko ke ce, mi za a fara yi da su? Kada wanda ya ce mani "Allah ya kyauta". Hira ce kawai.

Modi Kabu-kabu:
Aure. Huɗu rigis, kuma rana ɗaya, a masallacin Sarkin Musulmi Bello bayan an sauko Juma'a.

Maman Walida:
Modi, wadda aka sa maku rana tun bara dai ka fara kai mata lefe.

Modi Kabu-kabu:
Anti, ai shi ya sa nake neman biliyan ɗin.

Injiniya Dikko:
Ladan, bari in rage maka kuɗin kafin ka fara rabo. Wancan biliyan 2.04 da ake shela ba a hannu ake damƙa maka shi ba, sai in ka yarda a riƙa biyan ka kashi-kashi har sau 30 cikin shekara 29. In ka ce a ba ka naka yanzu, abin da ke cikin asusun a ranar shi za ka ɗauka, kuma shi mutumin ya zaɓa: dala miliyan 997.6. Sai gwamnatin tarayyar Amurka ta zo da wuƙarta, don harajin masu irin wannan samu kashi 37 cikin 100 ne. Ya ma yi sa'a, jihar Kalifoniya ba ta cire nata harajin a kan cacarta. Abin da ya rage masa wajen dala miliyan 628. Sama da kashi biyu cikin uku na abin da aka yi ta kururutawa ya tafi tun bai taɓa ko sisi ba. In muka sa dala a naira 1,500 don sauƙin lissafi, ya kama naira biliyan 942.

Jabbi Wurno:
Wai "abin da ya rage". Injiniya ka ji tsoron Allah. Biliyan 942 kaka kira ragowa?

Injiniya Dikko:
Ban raina ba, Jabbi. Kasafin kuɗin jihar Sakkwato gaba ɗaya na 2025 biliyan 526 ne da 'yan kai. Wato abin da ke aljihun mutumin ya kusa ninka abin da gwamnati ta tsara kashewa a kanmu duka cikin shekara. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na 70,000, in bai ci ba bai sha ba, sai ya yi aikin sama da shekara miliyan ɗaya kafin ya tara su.

Hajiya Inno:
Ni kam ba dogon lissafi. Duk tsohuwar da ke shiyarmu da ba ta taɓa ganin Ka'aba ba, sai ta je. Da ladanai, da masu wankan gawa, da ungozomomi, mutanen da ke yi wa gari aiki ba mai tuna su. Injiniya, kujera nawa za su saya?

Injiniya Dikko:
Hajiya, kujerar 2025 daga Arewa ta kusa miliyan 8 da rabi, kuma kason da Saudiyya ta ba Najeriya a shekarar kujera 95,000 ne. Za ki biya wa duk alhazan ƙasar nan na shekara guda, ki yi saura da sama da biliyan 130 na tsaraba.

Hajiya Inno:
Lahaula! To a ƙara da haƙorin Makka, kowa bibbiyu.

Malam Buhari:
Wa'alaikumus salam. Na dawo daga masallaci na tarar da saƙonni jibge, gabana ya faɗi, na ɗauka rasuwa aka yi. Ashe rabon dukiyar da babu ake yi. Ladan, tunda ka hana a ce "Allah ya kyauta" ba zan ce ba, amma sunan abin nan caca, ko da Bature ya sa mata kwat. Allah ya haɗa ta da giya da gumaka a aya ɗaya, Suratul Ma'ida aya ta 90, ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan. Hajiya, kujerar Makka da kuɗin caca? Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki.

Kuma ku tambayi kanku daga ina biliyan biyun nan suka fito. Wata uku aka yi ana fidda lambobi ba wanda ya dace, jama'a na ta zuba dala bibbiyu, tulin na ƙaruwa. Cikin masu zubawar har da wanda bai biya kuɗin haya ba. Abin da mutum ɗaya ya kwashe, asarar miliyoyin mutane ce aka tara masa wuri guda.

Modi Kabu-kabu:
Allah gafarta Malam, in na fidda zakka fa? Injiniya, nawa ta kama?

Injiniya Dikko:
Ɗaya cikin arba'in. Biliyan 23 da rabi.

Malam Buhari:
Modi, zakka halal take tsarkakewa. Ba ta yanka mushe. Wanda kuɗin haram suka shigo hannunsa kuma ya tuba, abin da malamai suka ce shi ne ya mayar wa masu su in ya san su. In bai san su ba, ya rabu da su ta hanyar mabuƙata da maslahar jama'a, kuma kada ya sa rai da ladan sadaka, ladan tuba yake nema.

Modi Kabu-kabu:
To Malam duk wanda ya tuba a nuna masa gidanmu. Ni ne maslahar jama'a.

Maman Walida:
Malam ka sa jikina ya yi sanyi. Adashen da muke yi fa? Mu ma ƙuri'a muke jefawa a san wadda za ta fara kwasa.

Malam Buhari:
Ba ɗaya ba ne, Maman Walida. A adashe kowa abin da ta zuba shi za ta kwasa, ba ƙari ba ragi, ƙuri'ar layi kawai take tsarawa. Caca ita ce ki ajiye kuɗinki, ko ki tafi da na wasu ko su tafi da naki, ba ciniki ba aikin da aka yi.

Ladan Ƙofar Rini:
Shi ke nan Malam, na janye tikitin. Mu sake lale. A ce wani baffanka ne da ya tafi Gwanja fataucin goro tun zamanin Sardauna, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, sai ga takarda cewa ya rasu, ba ɗa ba jika, kai kaɗai ne magaji. Halal tsantsa, tsuntsu daga sama gasasshe. Biliyan 942 ɗin dai. Yanzu fa?

Malam Buhari:
Wannan goro da albarka yake. Ku ci gaba, ina saurare.

Bello Mai Albasa:
Yanzu anka zo wurin. Ni ba ni sayen jirgi, ba ni gina gida Abuja. Duk mai son ya ga yadda dukiya ka ruɓewa da rana tsaka, ya zo kasuwar albasa lokacin da anka cire ta rani. Wurno, Goronyo, Gada, Kware, Wamakko, kowa ya kwaso tashi lokaci guda. Manomi shina da bashin taki, bashin mai, bashin 'yan aiki, ga mai bashi tsaye bakin gona. Ba shi iya jira, dole ya saida yadda anka taya. Wanda yay yi ƙarfin hali yas sa tashi cikin rudu, zafin Afrilu da Mayu ya dafa ta, damina ta sauka laima ta shige ta, wata ta ruɓe wata ta tsira. Sa'adda farashi zai hau can ƙarshen shekara, buhun da yas saida da kuka ya ninka sau nawa, amma ba shi ad da ita ba.

Da kuɗɗin ga hannuna suke, rumbuna zan gina na zamani, masu iska, da fanka mai aiki da hasken rana, a kowace ƙaramar hukuma da aka noman albasa. Manomi ya kawo kayanai a auna, a ba shi takarda, a ranta mashi abin da zai kashe gobarar gabanai ba da ruwa ba, in kasuwa ta yi kyau ya saida ya biya. Sannan masana'antar busar da albasa da tafarnuwa, a niƙa, a ƙulla. Mu muka noma ta, motoci na ɗauka su bi ta Illela su tsallaka Konni, wasu su yi kudu, mu kuma a bar mu da wari.

Jabbi Wurno:
Alhaji Bello, ka yi magana, amma kai ad da riba in albasa ta faɗi. Wa ka saye hannunmu ranar da muka kuka? In kag gina rumbu, ai kanka za ka yi wa gobara.

Bello Mai Albasa:
Jabbi, wanda ad da biliyan 942 mi zai yi da ribar buhunka ashirin? Kuma ka tambaya, bara rabin abin da nis saye ni ma ruɓewa yay yi. Laima ba ta san dillali ba.

Jabbi Wurno:
To ni tun daga ruwa zan faro, don sai an noma a kai ga ajiya. Tun da anka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, injin ban ruwa ya koma kamar mara lafiya cikin gida, kullum sai an kashe mashi. Na san mutanen da sunka rage fadamarsu rabi don ba su iya shayar da ita. A ba kowane manomi famfo mai hasken rana, abin da Allah ya hore muna har ya yi yawa. A yashe hanyoyin ruwan da sunka cike da yashi tun daga madatsar Goronyo. Ka ga shinkafa, ka ga alkama, ka ga tafarnuwa. Yaranmu da ka tafiya ci-rani Legas da Fatakwal su yi gadi da turin baro, rabi sai su zauna gida.

Injiniya Dikko:
Ku ƙara da fata. Jar akuyar Sakkwato duniya ta san fatarta, tun zamanin da ake ratsa Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko don ta can take isa gare su. Har yau mu ne da yanka, jimar zamani a Kano, jaka da takalmi a Italiya.

Luba Nas:
Duk kun yi maganar kasuwa. Ni da za ku zo ku kwana ɗaya a ɗakin yara cikin watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai zo ba, ga zazzaɓin cizon sauro, da lissafinku ya canza. Mutane da yawa a garin nan suna wuce Asibitin Noma ba su san abin da ake yi ciki ba. Tun 1999 yake nan. Noma sunan ciwo ne da ke farawa kamar kumburin dasashi, cikin 'yan kwanaki ya cinye kumatu da leɓen yaro. Ba iska ba ne, ba sammu ba ne. Yunwa ce, da ƙyanda, da rashin tsabtar baki, kuma in an kawo yaro da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta na tsayar da shi. Sai a Disamban 2023 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Ni ba sabon asibiti mai gilasai zan gina ba, mun ga irinsu, a yanke ƙyalle a kulle. Waƙafi zan yi. A sayi gidaje da shaguna da gonaki, kuɗin hayarsu ya riƙa biyan abincin yara masu tamowa, da jini ga masu haihuwa, da wankin ƙoda, har bayan raina. Uwar kuɗin ba mai taɓa ta.

Malam Buhari:
Luba, Allah ya yi maki albarka. Abin da Sayyidina Usman ya yi ke nan da rijiyar Ruma a Madina, ya saye ta ya bar wa Musulmi. Kuma muna da hukumar zakka da waƙafi a jihar nan, ba sai mai biliyan ba, ko itacen mangwaro ɗaya ana iya yin waƙafinsa.

Altine Bagobiri:
Ina ta karanta ku ina murmushi. Ku da ke cikin birni kuna da sararin yin mafarki. Mu a gabas, wanda ya sayar da shanu biyu a kasuwa, kafin ya isa gida labarinsa ya riga shi shiga daji. Biliyan 942? Ranar da aka ji, ba ni kaɗai ba, duk wanda ya taɓa gaisawa da ni ya zama kaya. Za a ɗauki kawuna, a ɗauki malamin da ya koya mani alif, a ce ɗanku na da shi. Ko Sarkin Gobir na Gatawa bai tsira ba a 2024, Allah ya jiƙansa, balle ni.

Abin da nake so ba shi da tsada a da. In kwana a ɗakin da aka haife ni, in je gonar babana ba tare da na biya wani ɗan ta'adda kuɗin shiga ba. Mahaifiyata shekara uku ke nan tana zaune a ɗaki ɗaya a Mabera, kullum tambayarta yaushe za mu koma. Ku gaya mani shagon da ake sayar da wannan in je da biliyan ɗin.

Hajiya Inno:
Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Altine. Ka gaida Inna, in sha Allahu zan leƙo ta ranar Juma'a.

Ladan Ƙofar Rini:
Amin. Amma da irin kuɗin nan ai sai ka ɗauki 'yan sa-kai dubu goma ka ba su albashi.

Kawu Sambo:
Ladan, a tsaya nan. Dokar zauren ga ba ta canza ba, ba mu shiga wagga magana. Ku koma kan gadon baffanku.

Nasiru Banki:
To bari in tambayi masu gadon: ina za ku ajiye su? Kowa na ta kashewa, ba wanda ya ce ga inda za su kwana. In banki ya rushe, abin da hukumar NDIC ta lamunce wa mai ajiya a bankin kasuwanci naira miliyan 5 ne, shi ma a 2024 aka ɗaga shi daga 500,000. In kuma ka bar su a naira suna kwance, ka tuna a farkon 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, kafin shekara ta zagayo da 'yan watanni ta haura 1,500. Wanda ya rufe kuɗinsa a ɗaki bai taɓa ko kwabo ba, ya buɗe ya tarar an cinye kashi biyu cikin uku, kuma ƙofa a kulle. Ga zakka tana cin nata duk shekara in ba ka juya su. Ni raba su zan yi: Sukuk, wato takardun zuba jari na gwamnatin tarayya da aka fara a 2017, tunda ba ruwa a ciki, da zinariya, da filaye, da hannun jari. Sannan in ɗauki akawu da lauya tun kafin in gaya wa matata.

Maman Walida:
Tun kafin ka gaya wa wa? Bari in tura mata wannan.

Nasiru Banki:
Anti don Allah ki rufa mani asiri, misali ne.

Hajiya Inno:
Nasiru, ba sai ka gaya wa kowa ba, a Sakkwato muke. Ka canza hula kawai, kafin la'asar maroƙa sun san adadin. Washegari za ka buɗe ƙofa ka tarar da dangin da ko a zanen suna ba ka taɓa gani ba, kowa da takardar asibiti a hannu. Wanda ka ba miliyan zai ce don ka raina shi ne, ai wane biyar ka ba shi. Wanda ka hana, har jikokinsa sai sun ji. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ranar da aka biya shi kuɗin sallama bayan shekara 35 yana aiki, wata biyu ba mu ci abinci mu kaɗai ba. Da suka ƙare, ko sallama.

Injiniya Dikko:
Ba mu kaɗai ba ne, Hajiya. Akwai wani ɗan kwangila a jihar West Virginia ta Amurka da ya ci cacar kusan dala miliyan 315 a Kirsimetin 2002. Da ma yana da rufin asirinsa. Ya gina coci-coci, ya kafa gidauniya, wasiƙun roƙo suka yi ta zuwa buhu-buhu. Aka fasa motarsa aka ɗauke sama da dala rabin miliyan, ƙararraki suka yi masa yawa, aurensa ya mutu, jikarsa da ya fi so ya riƙa sakar mata kuɗi ta faɗa shaye-shaye, aka tsinci gawarta a 2004. Daga baya da bakinsa ya ce da ma ya yaga tikitin.

Malam Buhari:
Mu ma muna da namu tarihin a nan gida. Ana tsakiyar jihadi Malam Abdullahi na Gwandu ya ga yadda ganima ta fara juya zukatan mutane, dawaki da tufafi da manyan gidaje, ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar ba zai dawo ba, sai a Kano aka tsayar da shi. Waɗancan fa almajiran Shehu ne.

Maman Walida:
Ni duk kun tafi da nisa. Wallahi da Ladan ya yi tambayar na rufe ido in ga abin da zan saya, abin da ya zo mani firiza ce mai aiki da sola. Ita kaɗai. In riƙa ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, in daina sayen ƙanƙarar wasu da tsada duk azumi. Sai kuɗin makarantar yara na shekara a biya gaba ɗaya, in huta da ɓuya in an ce ana neman iyaye. Na sake rufe ido na ce ke, biliyan ce fa, ƙara wani abu. Sai na ga rijiyar burtsatse a ƙofar gida, na rabu da 'yan ga-ruwa. Daga nan kaina ya tsaya.

Kawu Sambo:
Tunda kin ambaci burtsatse, ɗiyata, kin taɓo mani inda ka yi mani ƙaiƙayi. Famfon makarantar shiyarmu wata huɗu ke nan da lalacewa. Munka ce kowa ya kawo 2,000. Mu 64 muke cikin zauren ga, mutum 11 sunka biya. Yau na ga masu kai mutum 95,000 Makka, da masu yashe Goronyo, da masu Sukuk. Ban kama suna ba.

Nasiru Banki:
Kawu, na tura tun ranar, ina jin bai shiga ba ne. Bari in duba.

Jabbi Wurno:
Ma'aikacin banki na kukan kuɗɗi ba su shiga ba. To mu mi za mu ce?

Hajiya Inno:
Yaya Sambo, nawa na hannun Walida, za ta kawo maka da yamma. A daina yi mani gori da alhazaina.

Modi Kabu-kabu:
Jama'a, tun jiya nake ta wasa, amma akwai abin da ke cina, kuma tunda Anti ta taɓo maganar lefe gara in faɗa. Kuɗin lefen na tara su, har sun kusa cika. Cacar ƙwallo ta cinye su. Wani abokina ya sa mani manhajar a waya, na fara da naira 200. Sati na biyu na ci 48,000. Wallahi wannan cin shi ne ya kashe ni, don tun ranar nake ganin kamar kuɗina ne ke wurinsu zan karɓo. In na yi aikin yini, kafin in kai gida rabi ya tafi. Kullum wasa ɗaya ne ke ɓata takardar, kullum saura kaɗan. Da na taɓa kuɗin lefe sai na ce bari in sa babba in mayar da su gaba ɗaya. Daga ƙarshe mashin ɗina na sayar. Wanda kuke gani ina hawa na wani ne, balas nake kai masa duk dare. A gida sun ɗauka sace shi aka yi. Wata biyu ke nan ban buga ba, amma ko jiya da Ladan ya kawo labarin nan sai da hannuna ya yi ƙaiƙayi.

Ladan Ƙofar Rini:
Subhanallahi. Modi ka yafe ni, ban san ina sosa maka miki ba.

Maman Walida:
Ƙanena, ni ce da neman gafara, na yi ta tsokanar ka a gaban mutane. Ka kira ni in ka sauka aiki.

Injiniya Dikko:
Modi, wannan "saura wasa ɗaya" ba rashin sa'a ba ne, haka aka gina abin. Ka ɗauka kowane wasa rabi da rabi ne, ko ka dace ko ka faɗi. In ka jera wasa 10 a takarda ɗaya, damar su fito duka ɗaya ce cikin 1,024. Amma damar tara su fito ɗaya ya ɓata ta ninka wannan sau goma. Shi ya sa kake yawan ganin ka kusa, kuma ganin ka kusan shi ke mayar da kai gobe. Ita kuwa Powerball da muke ta rabon kuɗinta, damar cin babbar kyautar ɗaya ce cikin miliyan 292. Ka haɗa mutanen Najeriya da na Nijar kaf, jarirai da tsofaffi, ba su kai wannan adadin ba.

Nasiru Banki:
Kuma ba kai kaɗai ba ne, kada ka ɗauka kai ne wawan gari. Masu digiri da manyan ma'aikata nawa MMM, mai alƙawarin ninka wa mutane kuɗi, ta kwashe a 2016? Ba su dandara ba wata irinta, CBEX, ta sake kwashe wasu a 2025. Shawarata ta aiki: goge manhajar bai isa ba, ka rufe asusun gaba ɗaya, kuma kuɗin yini kada su kwana a wayarka. Ka samu wanda kake jin nauyi ka riƙa damƙa masa.

Altine Bagobiri:
A Kano Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024. To shagon da ke cikin aljihu fa, wa zai sa masa kwaɗo?

Malam Buhari:
Modi, ɗana, abin da ka yi yanzu ya fi wuya a kan abin da duk muka rubuta tun jiya. Wata biyun nan ka riƙe su da kyau. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka. Furucin kawai ke nan. Don haka abokin da ya sa maka ita, ka yi masa nasiha sau ɗaya, in bai ji ba ka canza majalisa. Maganar cewa an sace mashin kuma, ka same ni bayan isha'i mu je wurin mahaifinka tare. Gara ya ji daga bakinka ina zaune.

Modi Kabu-kabu:
Malam, tsoho zai iya kore ni.

Malam Buhari:
Tare muka yi allo da shi. Bar ni da shi.

Kawu Sambo:
Abin da anka faɗi cikin zauren ga ya tsaya cikin zauren ga. Duk wanda nij ji ya kai shi waje, ni da shi ne. Modi, na yafe maka 2,000 ɗin famfo. Nasiru, kai ban yafe ba.

Bello Mai Albasa:
Modi, yaron da ka kai mani kaya tasha ya koma gida noma. Ka ishe ni kasuwa bayan sallar asuba, ka taho da igiya mai ƙwari. Sawu biyar ko shida kullum kafin rana ta yi zafi, sannan ka tafi kabu-kabunka. Kuɗɗin ba ni ba ka su hannu, Hajiya Inno zan riƙa kai ma wa har su kai na mashin.

Hajiya Inno:
Na karɓa. Kuma ko kuka ya zo yana yi ba ya ganin ko naira.

Modi Kabu-kabu:
Na gode Alhaji, Allah ya saka da alheri. Nawa ne sawun?

Bello Mai Albasa:
Ji ɗan banza. Jiya kai ad da mata huɗu, yau kana tambayar sawu. Ka zo dai mu yi magana.

Jabbi Wurno:
Modi, ka yi ciniki da kyau tun yanzu. Na san shi.

Ladan Ƙofar Rini:
Jama'a an kawo wuta Ƙofar Rini! Kowa ya duba nasa.

Maman Walida:
Arkilla shiru.